Sun Mayar da Babana "Wani Manomi"

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ni dattijo ne daga Rimaye. Ban yi boko ba, maƙwabcina ke rubutawa, kuma na hana shi gyara mini magana.

Bara wani malamin tarihi ya zo yana tambaya kan ɗiban gwamna, lokacin da Turawa suka kwashi mutanenmu zuwa haƙar kuza a Jos. Har da babana. Ina goye aka tafi da shi, bai dawo ba, ba mu san kabarinshi ba.

Malamin ya ce, "Baba, ya sunansa?" Mu a gidanmu ba a kiran sunan mahaifi. Tunda nake ban taɓa furta shi ba, amma ranar na furta, don a rubuta.

Littafi ya fito, aka karanta mini wurin: "wani manomi." Wai an sakaya ne don a kare mu. Daga wa? Ko fushin ma ban ji ba.

Ina gaida tsofaffin Mawashi, garin maƙwabtanmu, da suka rage. Kai kuma, ɗana mai gabatarwa, faɗa wa duniya a rediyo: Tanko ɗan Jatau. Ka maimaita, kunnena ya yi nauyi.