Sammaci Ya San Hanyar Katagum

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, shugabannin ƙungiyar malaman firamare, iyayenmu da malamanmu, da ku da kuka zo saboda shinkafar da ake dafawa a bayan ɗakin nan, ina gaishe ku baki ɗaya, ina kuma godiya da aka ba tsohon magatakardan kotu dama ya yi magana.

An ce in amsa tambaya ɗaya: wanda ya ci bashin kafin albashi a wata jiha, dokar ina ce za ta kama shi?

Na farko, ku nemi amsar a takardar da kuka sa wa hannu, can ƙasa inda rubutu ya ƙanƙance. Sau da yawa nan ake ambaton kotun da za ta saurari rigimarku, nan kuma kuɗin ruwa yake laɓe.

Na biyu, bashi ba ya tsayawa a kan iyaka. Wani malami, mu kira shi Sha'aban, ya ci irin wannan bashi a Potiskum, ya dawo Azare yana taƙama: "Ni ɗan Bauchi ne, alƙalin Yobe bai san ni ba." Har dabara ya yi. Wurin adireshi ya rubuta Katagum kawai, wai ai ba ƙarya ya yi ba, tunda Azare a ƙaramar hukumar Katagum take. Nufinsa masinjan kotu mai kawo sammaci ya nufi can garin Katagum, nesa da Azare, ya yi ta bulayi.

Masinja kuwa ya je can ɗin. Ya tsaya a ƙofar masallaci bayan Azahar, ya ɗaga murya: "Wa ya san Malam Sha'aban, mai koyarwa?"

Wani dattijo ya ce, "Ni na san shi. 'Yata Meram yake aure."

Jama'a, dattijon nan ni ne. Wallahi na ji kunya, na kuma ji haushi, don bijimina na sayar na biya masa bashin kafin maganar ta mutu. Ban faɗi sunansa na gaskiya ba, saboda haka ku daina waiwayen layi na uku.

Allah Ya sa albashi ya riƙa kai mu ƙarshen wata, Ya mai da kowa gida lafiya, Ya kuma dawo mini da bijimina ta hannun wanda ya sani. Na gode.