Ina Aka Rubuta Sunan Kakana?

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hadiza, 'yar Damagaram, ina zaune a Lyon, ƙasar Faransa.

Kwanan baya aiki ya kai ni wata gunduma a Wales. Kusan duk ƙauyen da muka shiga akwai dogon dutse a dandali, ɗauke da sunayen 'yan garin da suka mutu a yaƙi. Har na ga wata tsohuwa tana wanke nasu da soso. Ta nuna mini wani suna, ta ce, "Kawuna ne."

Malam, raina ya ɓaci. Kakana Isufu, Faransa ta ɗauke shi soja a yaƙin duniya na biyu, babana yana goye, bai dawo ba. Da na ba Baba labari a waya, sai ya ce, "Ɗiyata, nemo mini inda aka rubuta nashi sunan."

Na zaga duwatsun tunawa na Lyon, ban gani ba. Na hau jirgi har Paris, na je wani biro, wato ofishin da ke ajiye takardun tsoffin sojoji. Ma'aikacin ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Madam, Isufu nawa ne a Afirka?"

Haba! Da za a ɗauke shi ai an san ƙofar gidansu!

Baba ya tsufa, kullum sai ya tambaye ni. Masu sauraro, wanda ya taɓa gano kakansa soja, don Allah ta ina ya bi? Ina gaida 'yan'uwa na unguwar Guillotière a nan Lyon.