Ɗanɗanon Bakin Wuƙa

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki.

Alhaji Sabo kafinta ne daga Badarawa. Da gumina na kafa shagona, amma balangu ya fi ƙarfina. Likita ya ce in rage tumbi saboda hawan jini. Kullum da yamma Ɗanladi mai nama zai miƙo min ɗanɗano a bakin wuƙa: "Alhaji, taɓa kawai." In na taɓa kuwa, sai na tafi da ƙunshi.

Sai na koma bin ɗaya gefen titin, da 'yar gyaɗa a aljihu. Wata uku ke nan, kaftanin da ya matse ni ya shige ni ranar Juma'a, alhamdulillahi.

A gaishe min da Ɗanladi. Ba gaba muke ba, mu ci gaba da gaisawa daga tsallake.