Sulen da aka ɓoye ƙarƙashin akushi

Assalamu alaikum, Malam mai karanta mana wasiƙu. Ni ne Garba tela daga Birnin Gwari, a rediyon kantin maƙwabcina nake sauraronka.

Ranar kasuwar Dogon Dawa na zauna cin tuwo a rumfar Iya Lami, matar maƙerin garin. Kusa da ni akwai wani sabon malamin daji da aka turo daga Kaduna. Da ya ƙoshi ya biya, sai ya tura sule ƙarƙashin akushi, wai haka ya ga Turawa suna yi wa masu kawo musu abinci. Rumfar ta yi tsit, don a wajenmu duk wanda ya ɓoye wa matar aure kuɗi, toshi ya yi. Maƙerar mijinta kuwa tana jikin rumfar, muka ji guduma ta tsaya.

Iya Lami ba ta kunyata shi ba. Ta ɗaga sulen kowa ya gani, ta ce, "Jama'a, Malam ya yaba miyata. Amma ɗana, a nan tukuici a hannu ake ba da shi, a gaban mutane." Ta mayar masa, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa, ta ƙara masa tsokar nama gyara.

Malam, wace shawara za a ba ma'aikatan da ake turo mana? A gaishe min da Iya Lami, wadda sai da ta rufe baki gudumar mijinta ta koma kan ƙarfe.