'Yan Tsanar da Ba a Yi wa Kitso Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Abdurrahim. Uwar taro wadda ta ɗauki nauyin shirya wannan baje koli, Malama Sa'adiya. Iyayenmu masu unguwanni. Malamanmu na masallaci da na coci. Shugabannin ƙungiyoyin masu yin 'yar tsana da suka taso daga Nasko da Kumbashi da Rijau, wasu a mota, wasu a bayan babur da kwando a ka. 'Yan uwana matan Kontagora. Da jikokina da ke can baya suna leƙen tebura: ina gaishe ku baki ɗaya, ina yi muku sannu da zuwa, sannu da zama cikin wannan zafi.

Sunana Hajara, shugabar Ƙungiyar Zaman Tare ta masu ɗinkin 'yar tsana. Ina godiya ga Allah da Ya nuna mana wannan rana. Ina godiya ga kwamiti da ya ga ya dace a ba mu takardar yabo a matsayin ƙungiyar da ta riga kowace kafuwa a wannan yanki. Na karɓa da hannu biyu.

Ɗazu da mai gabatarwa ya ce 'yan ƙungiyarmu su miƙe a gan su, na miƙe. Ya duba dama, ya duba hagu, ya sake kira da ƙarfi, yana tsammanin lasifika ce ba ta kai baya ba. Ɗana, lasifikarka ba ta da laifi. Ƙungiyar ce duka ka gani a tsaye. Ni ce shugaba, ni ce sakatariya, ni ce mai share tsakar gida, kuma in an yi makara ni ce na makara. Autana Nazifi ya daɗe yana roƙona in tattara in koma wurinsa a Minna, domin ba ya son ina zaune ni kaɗai. Na ce ya yi mini haƙuri zuwa wannan taro. Idan na samu abokiyar aiki a cikinku, ƙungiya ta rayu, na zauna. Idan ban samu ba, in rufe ƙofa in bi shi. Wannan ne ya kawo ni gabanku, amma ku bar ni in bi maganar daki-daki.

Na farko, ina so matasanmu su san yadda muka kasance. Kowace Asabar bayan la'asar muke haɗuwa a tsakar gidana, ƙarƙashin mangwaro. Kafin ranar, mun bi telolin kasuwa mun roƙo ƙyallayen da suka rage, guntun atamfa, guntun shadda, guntun leshi, har wani tela in ya hango mu yakan ce, "Ga masu shara sun iso." Mu wanke, mu shanya, mu ware launi da launi. Idan rimi ya fashe, mu fita tsintar audugarsa, da ita muke cusa cikin 'yar tsana. Idan mun gama guda, sai yaran unguwa su taru a yi mata suna, a raba gyaɗa da zoɓo, 'yan mata su yi gardama a kan wace ce mai jego. Lokacin Sallah da lokacin Kirsimeti, mu cika kwando mu tafi ɗakin yara na asibiti mu raba. Tabarma ba ta isarmu a wancan zamani, wasu a kan turmi suke zama.

Na biyu, ina so in amsa tambayar da aka yi ta yi mini tun safe. Duk wanda ya tsaya a teburina ya ga 'yan tsanata kansu ƙwal, babu gashi, babu kitso. Wata yarinya daga Nasko ta tambaye ni, "Inna, sabon yayi ne?" Wani bawan Allah kuma ya ce ko duka maza ne. Ba yayi ba ne, kuma ba maza ba ne. Ba a gama su ba ne.

Muna da doka guda a ƙungiyarmu, ita ce mutum ɗaya ba ya gama 'yar tsana. Ni nake yanka jiki in ɗinka in cusa. Marigayiya Karima, Allah Ya jiƙanta, ita ke ɗinka riga da zane da ɗankwali, ta sa ido da baki. Asibi kuma, matar da muka yi maƙwabtaka katanga ɗaya tun muna amare, ita ke dasa gashi da baƙin zare ta yi kitso: shuku, zanen yawo, kalaba, duk wanda yarinya ta zaɓa. Asibi ce ta kawo dokar. Tun farkon kafuwarmu ta lura wasu sun fara ɗaukar aiki suna tafiya da shi gida, su gama, su aiko yara da shi. Ran nan ta ajiye allura ta ce, da Hausarta mai ɗanɗanon Kambarci, "Yaya Hajara, in kowa ta iya komai, wa zai zo gidan wani? Mu ba don 'yar tsana muka zo ba. Kasuwa cike take da na roba." Aka yi dariya, aka kuma amince. Daga ranar, kowace mace ta san idan ta ƙi zuwa, aikin wata ne zai tsaya.

To, duniya ta yi halinta. Wasu aure ya kai su nesa, wasu suka bi mazajensu wurin aiki, wasu sana'a mai kawo kuɗi ta ɗauke su, kuma ban ga laifinsu ba. Karima ta rasu, muka yi kuka, muka ɗauko rigunan da ta bari a akwati muka ci gaba da sa wa 'yan tsana. Muka rage ni da Asibi. Bara idonta ya yi rauni, har ta daina ganin kafar allura, sai ɗanta Luka ya zo ya tafi da ita Rijau.

Tun daga nan, jama'a, Asabar ba ta fasa zuwa ba. La'asar ta yi, in yi shara, in shimfiɗa tabarma, in zauna. In ɗinka jiki, in cusa, in ajiye. Idan iska ta taɓa ƙyauren gida sai in ɗaga kai. Wani lokaci in ji kaina ina cewa "miƙo mini almakashi," alhali babu mai miƙowa. Ba na jin kunyar faɗa a gabanku: kaɗaici ya dame ni, kuma ya fi tsanani a ranar da na saba jin gidana cike da surutu.

Malama Sa'adiya, saboda ƙaunarta gare ni, ta ce, "Inna, ai kin daɗe kina kallon kitson nan, ki yi da kanki mana, ko don baje koli." Gaskiya ta faɗa. Na iya. Hannuna ya san inda zare ke shiga da inda yake fita, kuma babu wanda zai kama ni in na yi. Amma ranar da na gama 'yar tsana ni kaɗai, ranar na yarda cewa babu mai zuwa. Shi ya sa na kawo su haka, ku gan su yadda suke.

Na uku, nasiha ce ga ƙannena na sauran ƙungiyoyi. Na zaga teburanku, na ga 'yan tsana na karan dawa, na ga na laka, na ga masu duwatsun wuya, wallahi aikinku ya fi namu kyau. Amma na ji wata tana alfahari cewa yanzu ba sai sun haɗu ba, kowa ta yi a ɗakinta ta turo hoto ta waya. Ina roƙonku, ku haɗu. Ku haɗu ko aikin zai yi jinkiri, ku haɗu ko za ku yi faɗa a kan launin zare, ku haɗu tun kuna da waɗanda za ku haɗu da su.

Na ƙarshe shi ne roƙona. Ba na neman keken ɗinki, ba na neman ɗaki, ba na neman tallafi. Mace ɗaya nake nema, Musulma ko Kirista, budurwa ko tsohuwa, wadda ta iya kitso ko wadda ba ta iya ba, zan nuna mata da baki, hannunta ya yi. Abin da nake so kawai ta zo, ta kuma sake zuwa.

Da safen nan, ina ɗaura kwando a bayan babur, Luka ya kira ni ya ba uwarsa waya. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce, "Yaya Hajara, in kin samu mai kitso, ki faɗa mata kada ta ja zaren da ƙarfi, kan yana yagewa. Kin samu?" Na ce mata sai an tashi daga taro. Ta ce za ta riƙe wayar a hannunta, kada ta yi ƙara ba ta ji ba. Yanzu haka tana can zaune da ita. In an tashi, zan koma bayan teburina in tsaya, ba zan yi saurin tattara kaya ba.

Allah Ya saka wa shugaban taro da kwamitinsa da alheri. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da baƙinmu na Nasko da Kumbashi da Rijau gidajensu cikin aminci. Allah kada Ya bar ɗayanku zaune a kan tabarma yana jiran sallamar da ba ta zuwa.

Na gode.