Cikin Sarauniya Mai Wata Goma Sha Uku

Shugabar wannan taro, ranki ya daɗe. Malam marubuci da ke kusa da ita yana ta share gilashi, sannu da zuwa. Ma'aikatan ɗakin karatu, 'yan uwana matan ranar Alhamis, 'ya'yana da jikokina da kuka cika har bakin taga, ina gaishe ku gaisuwar tsohuwar da farin ciki ya hana karyawa yau.

Na gode da kuka ce in yi magana, ni da ban san ko baƙi ɗaya ba. Ungozoma ce ni, shekara arba'in da wani abu, rabin samarin da ke tsaye a baya can ni na fara ganin fuskarsu. Godiya ta musamman ga 'yata mai kula da ɗakin nan, wadda duk Alhamis bayan la'asar take zaunar da mu a benci, mu da ba mu iya karatu ba, ta karanta mana har muryarta ta dushe.

Magana ta farko. Littattafan Makiyayan Hadari guda shida, sau huɗu aka karanta mana su daga farko har ƙarshe. Ga wanda bai sani ba, labarin wata ƙasa ce da mutane suke kiwon gajimare kamar shanu, su kora shi inda ake son ruwa, kuma jinin sarki kaɗai hadari yake amsa wa kira. Jin farko ban ga komai ba, gudu kawai nake ina son sanin wa zai mutu. Jin na biyu na fara lura da mutane, wa ke da kirki, wa ke da baki biyu. A na uku kuwa kunnena ya fara kama aiki, yadda hannuna yake kama abin da ba daidai ba a cikin mai juna biyu.

Magana ta biyu, ita ce ta jawo min. A littafi na biyu sarki ya tafi yaƙi, bai dawo ba. A na uku sarauniya ta haifi yarima. Shi kuma malam, Allah ya ba shi son wata, duk inda ya juya sai ya ce wata ya tsaya. A karatu na huɗu sai na zo da zare, duk tsayuwar wata in ƙulla. Daga fitar sarki zuwa kukan yaro, jama'a, ƙulli goma sha uku.

Na sa jikata ta rubuta masa wasiƙa. Na ce gajimare mai bin makiyayi na yarda, dutse mai magana na yarda, duniyarka ce, kai ka gina ta. Amma kai da bakinka ka ce matar maƙeri a littafi na ɗaya ta haihu a wata tara. To ko dai ka ɓata lissafi, ko yaron nan da littafi huɗu suke ɗauke da shi ba ɗan sarki ba ne, in kuwa haka ne, yaya hadari yake amsa masa?

A lokacin muna jiran na bakwai, na ƙarshe, an ce saura wata biyu. Wata biyu suka wuce, shekara ta wuce, shiru. Sai labari ya zo cewa wai wata tsohuwa ta aika masa takarda, ya ajiye alƙalami.

Kun san Yaya mai saƙa, ga ta can a kujerar gaba da sandarta. Ta girme ni da shekara shida, tare muke zuwa, tare muke komawa, tun kafin a aurar da 'ya'yanmu muke tare. Ta tare ni a ƙofar ɗakin nan, a gaban kowa, ta ce, "Ke da shegen ƙididdigarki. In na mutu ban ji ƙarshen labarin nan ba, alhakina yana wuyanki." Daga ranar ba ta ƙara amsa gaisuwata ba. Shekara biyu. Duk sanda na ji an ce ba ta da lafiya sai in ce shi ke nan, na kashe littafi kuma na rasa 'yar uwa, duk a kan zare.

Magana ta uku. Bara wata rana ina shanya, sai ga wani mutum da jaka a ƙofata, ya ce shi ne marubucin. Na ɗauka faɗa ya zo yi, har na gyara ɗaurin zani. Ashe zama ya zo yi. Ya ce ya ƙirga sau goma, goma sha uku ne. Ya so ya wayance wai watan ƙasarsu gajere ne, na tuna masa matar maƙeri, ya yi dariya har ya cire gilashi. Kwana uku yana zuwa yana tambayata yadda mace take ɓoye ciki, da wa yake fara ganewa, da abin da ungozoma take gani ta yi shiru. Na ce masa, ɗana, a ɗakin da sarauniya ta haihu akwai ungozoma, kuma ta iya ƙirga, je ka tambaye ta. Ya tsaya yana kallona, ya ɗauki jakarsa ko sallama bai yi da kyau ba.

Yau ga na bakwai a kan tebur, da kaurinsa. Ban san me ya yi da yaron ba, na hana kowa ya faɗa min. Samari masu karanta shafi ɗari a zama ɗaya, ku koma ku sake. Wanda ya ji sau ɗaya ya ji daɗi ne kawai, wanda ya koma shi ne ya ɗauki littafin da muhimmanci. Kai kuma malam, kada ka saki jiki, wannan ma sau huɗu za mu ji shi.

Saura roƙo ɗaya, shugaba. A cikin shekara biyun nan kunnen Yaya na dama ya tafi, na hagun ma sai an matso. Yanzu haka ba ta jin abin da nake faɗa, ku dubi yadda take hararata kawai. Jiya na aika 'yarta ta tambaye ta ko za ta bari in zauna ta hagunta, duk abin da aka karanta in maimaita mata a kunne. Ta aiko da amsa. Ta ce, "A ce mata ta zo, amma labarin malam nake so, kada ta cusa min gyaranta a ciki."

To 'yata, in kin fara, ki karanta a hankali, ki riƙa tsayawa, mu biyu ne da kunne biyu da rabi.

Allah ya ƙara wa muryarki ƙarfi, ya ƙara wa malam basira da iya ƙirga. Allah ya ba mu tsawon rai mu kai shafin ƙarshe, ni da Yaya da kowa da ke nan, ya mai da kowa gidansa lafiya. Bari in je in zauna kafin ta canza shawara. Na gode, na gode ƙwarai.