Haƙurin Bitrus Mai Faci

A tashar Goronyo, wani mai albasa yana jiran a yi masa facin tayar babur, wani dattijo na zaune gefensa.

"Baba, duk ƙasag ga babu mai tawakkali irina. Buhu arba'in sun ruɓe min, ban ce uffan ba."

"Ga shi kuwa kana cewa. Dubi Bitrus mai facin ga. Shagonai ya ƙone, ɗiyatai ta rasu, bai taɓa fashin coci ba. Kuma waƙa yakai."

"Shi ɗai kowa ka yabo! Ni mi nir rasa? Bari mu gani."

Mai albasa ya fizge tayar daga hannun Bitrus, ya kai wa mai facin tsallaken titi.

Bitrus ya rufe gwangwanin gam, ya ce, "Allah shi kiyaye hanya," ya ci gaba da waƙarsa ƙasa-ƙasa.